Aikin sa kai zan yi, me ya kawo ɗaukar zanen yatsuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Sakramento, jihar Kalifoniya, da katin zama na dindindin. Yarana sun tasa, na samu sarari, sai na nemi aikin sa kai a wani wurin tarihi da ke ƙarƙashin hukumar gandayen shaƙatawa ta jiha, in riƙa zagayawa da 'yan makaranta. Sun ce sai an ɗauki zanen yatsuna an aika wa FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka. Maigidana ya ce in bar maganar, kada ta shafi takardar zama 'yar ƙasa da zan nema baɗi. An taɓa cin tarata saboda gudu da mota, kuma ai an ɗauki yatsuna lokacin katin zama. Me suke nema, kuma akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ki je ki ba da yatsun. Na yi shekaru ina karɓar takardun 'yan sa kai a wata ƙungiya mai hulɗa da yara a jihar nan, irin fom ɗin da aka miƙo miki ya bi ta hannuna ba adadi, kuma cikin abin da kika lissafa babu wanda zai hana ki aikin ko ya taɓa takardarki. Sai dai ba na so ki je don kawai na ce ki je. Akwai abin da za ki sa wa hannu a ranar wanda ya kamata ki san shi tun daga gida, kuma tsoron maigida yana da tushe, ko da yake bai hau kanki ba.

A gida, idan za a ba mutum amanar yara ko za a ba shi aure, bincike ake yi. A tambayi mai unguwa, a tambayi limamin masallacin da yake salla, a ji ɗan gidan wa ne, wa ya san shi. A nan babu mai unguwa. Ma'aikaciyar da ta karɓi takardarki ba ta san ki ba, ba ta san wanda ya san ki ba, kuma nan da wata biyu za ta sa miki riga da baji, ta miƙa miki yara talatin 'yan aji huɗu, domin a aji huɗu ne yaran Kalifoniya ke karanta tarihin jiharsu, shi ya sa motocin makaranta ba sa yankewa a wurare irin su Sutter's Fort da gidan tarihin jirgin ƙasa na tsohon garin Sakramento. Yaron da ya ga rigar nan ya ga hukuma. Duk inda kika ce ya bi zai bi. Rigar ce ake bincike saboda ita, kuma da ke da farar fatar da aka haifa a bayan gandun, layi ɗaya za ku bi.

Ba kowane ɗan sa kai ake yi wa haka ba. Wanda ya fito rana guda kwasar shara a bakin teku ko dashen itatuwa, sunansa kawai zai rubuta ya sa hannu. Waɗanda ake neman yatsunsu su ne masu zama da yara ko tsofaffi ko naƙasassu, da masu riƙe maɓallan gini, da masu taɓa kuɗin ƙofa ko na kanti, da masu masaukin sansani, wato waɗanda ke kwana cikin motarsu a gandun wata da watanni suna kula da masu yada zango. Mai masaukin sansani ya san tantin da mace take ita kaɗai, ya san wanda iyaye suka tafi kamun kifi suka bar yara a ciki. Ni a ganina duk hukumar da ta ɗora mutum a wannan matsayi ba ta duba bayansa ba, ta yi sakaci.

Doka ce ta buɗe wannan ƙofa, domin FBI ba ta buɗe wa kowa kundinta. Wata dokar tarayya ta 1972 ta ba ta damar ba hukumomin jiha bayanan laifi don ɗaukar aiki da ba da lasisi, muddin jihar ta yi tata dokar da ta yarda da hakan. A 1993 aka yi dokar kare yara ta ƙasa, a 1998 aka faɗaɗa ta don ƙungiyoyi masu kula da yara da tsofaffi da naƙasassu su iya neman binciken 'yan sa kai ta hanyar yatsa. Daga nan kowace jiha da nata tsarin. Pensilbeniya ta tsaurara nata a 2014, bayan abin kunyar Jerry Sandusky, tsohon mai horar da 'yan ƙwallo na jami'ar Penn State, wanda aka kama a 2011 bisa lalata da yaran da ya samu ta hanyar ƙungiyar taimakon yara da shi kansa ya kafa. A can, ɗan sa kai mai hulɗa da yara sai ya kawo shaidar 'yan sandan jiha da shaidar kundin cin zarafin yara, kuma in bai shekara 10 a jere a jihar ba sai ya ƙara da yatsun FBI, a sabunta duk wata 60. A Kalifoniya ma, tun ranar 1 ga Janairun 2022 doka ta wajabta wa ƙungiyoyin matasa binciken duk ɗan sa kai da ke hulɗa da yara fiye da awa 16 a wata ko awa 32 a shekara. Kin ga ashe ba ke aka tsangwama ba.

Yanzu abin da na fi so ki riƙe, wanda mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba: binciken yatsa ya fi miki alheri a kan binciken suna. Akwai kamfanoni masu bincike da suna da ranar haihuwa kawai, sun fi sauri, sun fi araha, kuma su ne suka fi cutar da irinmu. Ki duba sunayenmu. Aisha Muhammad nawa ne a Amurka? Ba Hausawa kaɗai ba, ga 'yan Somaliya, ga 'yan Sudan, ga 'yan Pakistan, ga baƙaƙen fatar Amurka da suka musulunta. Muhammad ɗin ma a fasfo an rubuta shi iri ɗaya, a lasisin tuƙi wani iri, a takardar makaranta an gajarce shi. Wata tana amfani da sunan uba a wannan takarda, sunan miji a waccan, sunan garinsu a ta uku. Sannan ga ranar haihuwa: mutane da yawa da aka haifa ba a asibiti ba, ranar 1 ga Janairu aka rubuta musu a takardunsu. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, kwamfuta kuwa ba ta san fuska ba. Na taɓa zama da wani dattijo da binciken suna ya liƙa masa laifin wani mai irin sunansa a jihar da bai taɓa takawa ba. Ya zo ofis jikinsa na rawa, yana rantsuwa, kuma abin da ya wanke shi shi ne yatsun da yake gudun bayarwa tun farko. Zanen da ke yatsanki ba ya kan yatsan kowa, har tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya nasu ya bambanta. Shi ya sa wanda ya canja suna don ya ɓoye tarihinsa ba ya tsira, wanda kuma ya yi tarayya da mai laifi a suna ba ya ɗaukar kayan da ba nasa ba.

Yadda abin ke tafiya ba wuya. A Kalifoniya ana kiransa Live Scan. Hukumar za ta ba ki fom mai lamba BCIA 8016, ta riga ta cike nata ɓangaren, har da wata lamba da ake kira ORI, wadda ita ke nuna ofishin da za a mayar wa da sakamako. Kada ki sauko da fom daga intanet ki cike wannan gurbi da kanki, don in lambar ta kuskure, sakamakon ba zai isa inda ake jiransa ba, kuma sai kin sake biya. Ki tafi da lasisin tuƙinki ko katin shaida na jiha wanda bai ƙare ba. Ana yi a ofisoshin 'yan sanda da na sheriff, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ana kuma yi a shagunan da aka ba izini. Babu tawada. Gilashi ne za a ɗora yatsunki a kai, a mirgina kowane ɗaya daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sannan a ɗauki huɗu-huɗu a shimfiɗe da manyan yatsu biyu. Minti goma zuwa sha biyar an gama. Hoton zai tafi ma'aikatar shari'a ta jiha, in fom ɗin ya nemi na tarayya kuma a wuce da shi cibiyar FBI da ke Clarksburg a jihar West Virginia, inda tun 2014 suke aiki da babban rumbun da ake kira NGI.

Kafin ki bar wurin, ki tabbata an rubuta miki lambar ATI, wato lambar bin sawun bincikenki, a ƙasan kwafinki, ki adana shi kamar rasit ɗin fili. Da wannan lamba da ranar haihuwarki za ki iya duba a shafin ma'aikatar shari'a ko an kammala. Wanda ba shi da komai a kundi, yawanci cikin awa 48 zuwa 72 an gama nasa. Sakamakon ba ke za a aiko wa ba, hukumar za a aika wa.

Kuɗin kashi uku ne: na jiha, na FBI, da ladan mai na'urar da ya ɗauki yatsun, wanda kowane shago ke yanka nasa. Ki tambayi mai kula da 'yan sa kai kai tsaye wane ne zai biya, kuma ko suna da wurin da suke tura mutanensu. Kada ki ji kunyar tambayar. Ra'ayina dai, mutumin da ya kawo lokacinsa kyauta bai kamata a ce ya sa hannu a aljihu don a bincike shi ba, domin wannan ne ke korar masu ƙaramin ƙarfi da ɗalibai, a bar aikin ga masu hali kaɗai.

Tarar gudu da mota ba za ta fito ba. Kundin nan da yatsa ake gina shi: sai an kama mutum, an kai shi ofis, an ɗauki yatsunsa, sannan ake buɗe masa shafi. Ɗan sandan da ya tsayar da ke a hanya ya rubuta miki takarda kika biya, wannan yana kundin hukumar motoci, kuma ba zai zama magana ba sai in aikin ya haɗa da tuƙa motar gandun. Tuƙi cikin maye daban ne, shi kamu ne. Haka kuma abin da ya faru a Najeriya ko Nijar ba ya cikin wannan bincike, domin kundin na Amurka ne.

Yatsun da kika bayar lokacin katin zama ba za su yi miki wannan aikin ba. Hukumar shige da fice ta nemi nata binciken don nata dalilin, kuma doka ta hana wata hukuma miƙa wa wata sakamakon da aka ba ta. Ko malamar makaranta ce ke, wadda aka yi wa Live Scan bara, sai an sake. Mutane na jin haushin wannan, ni ma na sha jin ƙorafinsa, amma in kika duba, kariya ce gare ki: takardar tarihinki ba ta yawo daga ofis zuwa ofis ba da saninki ba.

Sai maganar lalle, tunda ban san ko akwai biki a gabanki ba. Na'urar tana neman layukan fata ne a sarari, kuma lalle mai duhu a kan yatsu na iya dagula hoton, abin da ya sa hukumar JAMB a gida take jan kunnen 'yan mata su guji ƙunshi kafin rajista. Ki bari ya kwanta tukuna. Abin da ma ya fi lalle ɓata hoto shi ne bushewar fata da sudewar layukan yatsa, wanda ke samun masu yawan wanke-wanke da sinadarin bilic, da ma'aikatan jinya, da tsofaffi. Kwana huɗu ko biyar kafin ranar ki riƙa shafa mai da dare, ki sa safar hannu in za ki yi wanki, amma ranar kada ki je da maiƙo a hannu. In aka ce an ƙi karɓar yatsunki, kada gabanki ya faɗi, hoton ne bai fito ba. Za a sake ɗauka, in aka ƙi karo na biyu hukumar na iya neman FBI ta bincika da suna.

Inda tsarin yake da rauni na gaske shi ne a nan. Kundin ya iya rubuta kamu, bai iya rubuta ƙarshen shari'a ba. 'Yan sanda suna aika yatsu ranar da suka kama mutum, amma kotun da ta sallame shi bayan wata shida ba kullum take aika nata bayanin ba. Wani rahoto da ofishin babban lauyan gwamnatin Amurka ya fitar a 2006 ya ce kusan rabin bayanan kamu da ke rumbun FBI ba su ɗauke da yadda shari'ar ta ƙare. Wato mutum an kama shi bisa kuskure, an janye tuhuma, ya koma gida ya manta, shekara goma sha biyar bayan nan takarda ta fito tana cewa an kama shi, ta yi shiru a kan sauran. A Kalifoniya doka ta ɗora wa ma'aikatar shari'a nauyin bin sawun ƙarshen shari'ar kafin ta ba da amsa, kuma wannan ne ke sa na wasu ya kwana wata ɗaya ko biyu. Wannan rauni ya fi faɗa wa mutanen da aka fi yawan kamawa, baƙaƙen fata na gaba a cikinsu. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa mai kaza a aljihu ne kaɗai ba ya jimirin as. Na ga masu gaskiya da yawa da ke tsoron wannan takarda, kuma suna da dalili.

Wanda ya san an taɓa kama shi, ko da an sallame shi a daren, shawarata ita ce ya riga hukuma ganin kundinsa. FBI na ba mutum kwafin nasa a kan dala 18, ma'aikatar shari'a ta Kalifoniya kuma dala 25. In ya ga giɓi, ya je kotun da aka yi shari'ar ya karɓo takardar ƙarshenta mai hatimi, ya nemi a gyara. Ƙa'idar tarayya ta ce duk hukumar da ta nemi yatsun mutum dole ta sanar da shi a rubuce cewa za a duba kundin FBI, ta kuma ba shi isasshen lokaci ya gyara ko ya ƙalubalanci abin da ya fito kafin ta yanke hukunci a kansa. In aka hana mutum saboda abin da ke takardar, ya nemi kwafinta. Kuma tsohon laifi ba lallai ya rufe ƙofa ba, ana duba irinsa, da daɗewarsa, da dangantakarsa da aikin. Laifin da ya shafi yara ko lalata ko duka mai tsanani shi ne ke rufe ta. Abin da na ga ya fi kayar da mutane shi ne a tambaye su a fom su ce babu, takarda ta zo ta ce akwai. Daga nan an daina maganar laifin, an koma maganar amana.

To, ga abin da na ce za ki sa wa hannu. A jikin fom ɗin akwai bayanin sirri da kusan kowa ke tsallakewa. Yana cewa FBI na iya ajiye yatsunki bayan an gama wannan binciken, kuma a ci gaba da gwada su da wasu yatsun da ke shigowa rumbun, har da waɗanda aka ɗauko a wurin da aka aikata laifi. Sannan a Kalifoniya hukumar da ta nemi binciken tana iya zama cikin rajistar samun sanarwa: in aka kama mutum a gaba, za a sanar da ita. Binciken bai ƙare ranar da aka ce kin tsallake ba. Ni ina ganin sanarwar tana da amfani ga aikin yara, don mutum na iya tsallakewa yau ya ɓaci baɗi. Ajiye yatsun wanda bai yi komai ba kuwa, ina cikin waɗanda abin bai kwanta musu ba. Sai dai ke naki suna hannun gwamnatin tarayya tun ranar da kika nemi katin zama, don haka wannan karon bai ƙara miki wani sabon abu ba.

Ki gaya wa maigida haka, cikin ladabi: mai katin zama na dindindin yana da damar yin aiki na albashi ma, balle na sa kai, kuma ranar da kika nemi zama 'yar ƙasa hukumar shige da fice za ta yi nata binciken a wannan rumbun dai, ko kin yi aikin gandun ko ba ki yi ba. Tsoronsa ya dace da wasu mutanen daban. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma an taɓa kama shi, ya ga lauyan shige da fice kafin ya cike kowane fom da ke tambayar tarihin laifi, don yadda ya amsa a nan na iya bin sa can. Wanda kuma ke ƙasar da bizar ziyara ko ta karatu, ya yi hattara da aikin sa kai da ake ba da wani abu a madadinsa, kamar wurin ajiye motar kwana kyauta da ake ba masu masaukin sansani, domin ana iya lissafa shi a matsayin lada. Ɗalibi ya fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa.

Akwai wani abu da nake gaya wa duk wanda na horar, kuma zan gaya miki tunda yara za a ba ki. Binciken gida da na ambata da farko yana tambayar hali. Na yatsa tambaya ɗaya yake yi: an taɓa kama wannan mutumin? Sandusky ya yi shekaru yana cikin yara ba a taɓa kama shi ba. Mafi yawan masu cutar da yara mutane ne da yaran suka sani suka kuma yarda da su, da yawansu ba su taɓa shiga hannu ba. Don haka in kin fara aiki, kada ki ɗauka duk mai baji an gama da shi, kada kuma ki yarda a bar ki ke kaɗai da yaro a inda ido ba ya kaiwa, ko raka shi bayi ne ki kira malamarsu. Dokar 2022 ɗin nan ma ta nemi ƙungiyoyi su yi iya ƙoƙarinsu a samu manya biyu a duk inda ake tare da yara. Wannan ƙa'ida tana kare yaron, tana kuma kare ki daga zargin da ba ki da mai shaida a kansa. Ki tambaye su tun ranar horo wa ake kai wa rahoto in an ga abin da bai dace ba, ki rubuta lambar a wayarki.

Ranar da kika ajiye aikin kuma, ko bayan shekara nawa ne, ki rubuta wa mai kula da 'yan sa kai ki nemi su sanar da ma'aikatar shari'a cewa ba su da sauran buƙata da bayananki. Akwai takardar da ake aikawa don haka, wajibi ne a kansu, amma ofisoshi na mantawa, sai sunan mutum ya zauna a rajistarsu shekaru bayan ya tafi. Ki nemi su ba ki amsa a rubuce, ki haɗa ta da kwafin fom ɗinki mai lambar ATI.

Allah Ya sa albarka a aikin, Ya ba ki ladan yaran.